Gumbar Mai Rai

Laraba, bayan la'asar

Yau na sa wa Kaka Manu wutsiya. Ƙyallen tsohon zanen matarsa Iya Mero na samu, na soka masa da ƙayar aduwa a bayan riga, yana tsugune yana ɗiga wa sarƙar kekensa mai. Da ita ya je azahar, da ita ya dawo. Liman ya gani sarai ya kau da kai, don shi ma jikokinsa sun gama da shi tuntuni.

Amale ake ce wa keken. Ya girmi Babana. Duk shekara in an gama yankan gero, Kaka yakan ɗaure ƙullin sabon gero a bayansa ya fita zagaye. Daga nan Gwaram ya bi ta wajen Farin Dutse, ya kwana Fagam gidan amininsa Malam Rabi'u, ya ƙarasa Dingaya wurin yayarsa Iya A'i, kowa ya ɗanɗana albarkar bana. Kuma ba ya bin kwalta, wai kwalta ta malalata ce. Burtali yake bi da hanyar gona, ta cikin kwari, ta tsakanin duwatsu. Bana ya ce da ni za a je, tunda na yi sauka kuma ba abin da nake tsinana wa kowa sai fitina. Na aro keken maƙwabcinmu Abdulnasir. Asabar za mu tashi in Allah ya kai mu.

Da yamma na tarar da Iya Mero tana sheƙar geron. Na ce, "Amaryata, ware min mai kyan, na gumbar tsohon nan ne." Na juya wajensa. "Kaka, don Allah ka daure ka mutu tun geron yana sabo. In sha gumbar sadaka, in gaji Amale, in gaji mata."

Bai ko ɗago daga sarƙar ba. Ya ce abin da yake ce min tun ban iya sa wando ba: "Makwaɗaici. Ko ƙwaya ba za ka gani ba."

Iya Mero ta wurgo min muciya. Sai ta sami Kaka.

Alhamis, da hantsi

Karatun hanya aka yi min yau, a ƙasa, da tsinke. Ashe kowane tudu da kowane kwari tsohon nan ya raɗa masa suna, shi kaɗai, ba rago ba goro. Akwai Hawan Tuba, wai kafin ka kai ƙarshensa ka tuba daga zunubanka har da na maƙwabta. Akwai Gangaren Mero, wai in ya fara ba birkin da ke tsayar da shi. Iya tana jinsa daga madafi, ta ce, "Allah ya isa tsakanina da ku biyun." Akwai Sauka-ka-tura, wani rafi mai yashi. Sai Kwarin Amsa, ya ce in mun isa zai nuna min dalilin sunan.

Na ce hawan nan nisansa nawa? Ya ce shi da sura yake auna hanya. Hawan Tuba Yasin ce da Tabara in kana da numfashi, in irina ne kuma sai an haɗa da Baƙara.

Irina wai. To, gobe da sassafe zan sace masa iskar tayar baya, in ce aljanun Hawan Tuba ne suka aiko da gaisuwa.

Juma'a, magariba

Muna asibiti a Birnin Kudu.

Asabar, asuba

Yau ce da za mu tashi.

Lahadi, bayan azahar

Famfon ba taya iska yana hannunsa lokacin. Ya yi kamar zai zauna, sai ya kife gefen keken. Na ɗauka ramuwar wutsiya ce, mutuwar ƙarya yake min. Na tsaya a kansa ina dariya, ina cewa tashi tsoho, ba a daka ba tukuna. Iya Mero ce ta fito ta ga bakinsa ya karkace.

Ba zan sake rubuta wannan ba.

Likita ya faɗi sunan abin da Turanci. Ya ce ba famfo ba ne, abu ne da ya daɗe yana tafe. Baba ne ya tambaya, ba ni ba. Hannun dama da ƙafar dama an aike su ba su dawo ba. Magana babu. Ido kawai.

A baranda Baba ya tsayar da ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Ikrima, daga yau bakin nan naka ya huta. Kada in ƙara jin kalmar mutuwar nan a gidana." Na ce to.

Talata, bayan la'asar

Daga tagar ɗakin ana hango duwatsun garin nan, manya, wani a kan wani kamar an jera tukwane. Da da ne, da na ce masa ga 'yan uwan kansa can sun zo dubiya. Sai na durƙusa na ce, "Sannu Kaka. Ya jiki?"

Ya dube ni kamar baƙon da ya ɓata gida. Ya rufe ido.

Kunu ya sha kaɗan a hannun Iya. A hannuna ya ƙi.

Juma'a, bayan sallah

An sallamo mu. Likita ya ce sauran aikin na gida ne: ya ci, ya sha magani, a riƙa motsa masa hannun da ƙafar, shi ma ya riƙa so ya warke. Ya maimaita wannan. Shi ma ya riƙa so.

Amale na nan inda ya faɗi, an dai jingine shi da rumbu. Tayar baya a kwance. Na zagaya ta bayan turken awaki don kada in wuce ta gabansa.

Lahadi, da yamma

Gidan cike. Kowa ya cire takalmi a hankali, ya shiga a hankali, ya ce, "Sannu Malam, Allah ya sa kaffara ne," ya fito yana girgiza kai. Har Manu mai nama, takwaransa da suka shekara talatin suna zagin juna a kan tsoka, ya zo ya yi sannu da murya irin ta masu ta'aziyya. Yara an kore su bayan gida. Zakaran Iya ma an kai shi maƙwabta, wai yana damunsa.

Kaka ya juya fuskarsa bango. Da hannun hagu ya ja kansa ya juya, shi kaɗai, don haka ƙarfin yana nan.

Ni ma na yi tawa sannun. Ya jiki, Kaka. Allah ya sa kaffara ne, Kaka. Na zama yaron kirki, kowa yana yabawa.

Talata, da hantsi

Kunun safe ya fito yadda ya shiga.

Laraba, bayan azahar

Na ce, "Iya, in ɗebo miki ruwa?" Ta ajiye tsintsiya ta dube ni.

"Yau kuma ni ce Iya? An sake ni ke nan ba takarda?"

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin geron nan biyu da Kaka ya ɗaure tun kafin abin. Ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan geron Manu bai taɓa fashin zuwa Fagam da Dingaya ba. Ba zai fara a kaina ba. Ka san hanya, an zana maka. Tashi ka bar min tsakar gida, kana ta yawo kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai."

Na ce da keken Abdulnasir? Ta ce Amale ne ya san gidajen.

Na ɗauki famfon. Na buga har taya ta tashi. Na leƙa ɗakin na ce, "Kaka, gobe zan kai geron." Bayansa kawai na gani. Ƙashin kafaɗarsa ya fara fitowa ta cikin riga.

Alhamis, da hantsi, a kan Hawan Tuba

Tsohon nan bai yi ƙarya ba. Na fara Yasin a gindin tudu da ƙarfina, ban kai rabi ba numfashi ya ce shi fa a nan zai sauka. Amale nauyi gare shi kamar an ƙera shi da turmi, sirdinsa kuma ya saba da mazaunin mutum ɗaya a duniya, ba ya maraba da baƙo. Na tuba daga wutsiya. Na tuba daga barkonon da na sa wa ladan a buta. Sauran kuwa na riga na tuba tun a gida, ba na bukatar tudu.

Amma sama! Ina zaune a kan wani falalen dutse, ƙasar duk a shimfiɗe a ƙarƙashina. Dawa ta yi kai tana jiran lauje, riɗi an yanke an jingina shi tsaye, mata na roron wake, giginyu sun bi rafi a layi kamar masu zuwa ɗaurin aure. Can gefe duwatsun wajen Farin Dutse. Wani biri ya zauna nesa kaɗan yana kallona da gemunsa fari. Na ce, "Kaka, ashe ka riga ni isowa."

Da ƙarfi na faɗa. Sai da na faɗa na tuna.

Alhamis, magariba, Fagam

Gangaren Mero ya kusa kai ni lahira kafin kowa. Birkin Amale shawara kawai yake bayarwa. Na wuce wasu Fulani da shanunsu ina salati, wata yarinya mai tallar nono tana ihu, "Mai keke, ka bar hularka!" Ban bar ta ba, ita ta bar ni. A Sauka-ka-tura na sauka na tura, yashi har idon sawu.

Kwarin Amsa wani matsattsen wuri ne, dutse dama dutse hagu, sanyi kamar bakin randa. Ban san me zai nuna min ba, sai da babban yatsana ya taɓa ƙararrawa. Na buga, dutse ya buga. Na sake, ya sake. Na ce, "Tsoho!" Ya ce tsoho. Na daɗe a wurin. Rabon da in yi magana a mayar min tun ranar Juma'ar nan.

Malam Rabi'u Babarbare ne, dogo, da zane a fuska. Kaka kuwa Bafillace, don haka tun suna samari kowa ke cewa shi ne ubangidan wani. Ya hango Amale ya taso da murna, ya ga ni ne a kai, ya tsaya. Labari ya riga ni zuwa, ƙafa ce ta hana shi tafiya dubiya. Ya karɓi geron ya sa hannu ya shinshina. Ya juya baya ya daɗe yana gyaran rawani.

Da ya juyo sai ya ce, "Ka gaya wa bawan nan nawa, wa ya ba shi izinin kwanciya? Kuma geron bana duk ƙaiƙayi ne. Ka ce in ya mutu bai zo ya ba ni haƙuri ba, ba zan yi masa sallah ba."

Na ce, "Malam, jikin fa ya yi tsanani. Ba a irin wannan maganar a ɗakin yanzu."

Ya ce, "To me ake yi a ɗakin?"

Na ce sannu.

Ya yi tsaki. "Manu ake wa sannu? Allah ya sawwaƙe."

Juma'a, bayan la'asar, Dingaya

Hanyar yau mai sauƙi ce, fako da inuwar ɗorawa, sai ƙaya da ta huda min tayar gaba na tsaya faci a gindin wata kuka. Na sami Juma'a a hanya.

Iya A'i ta girmi Kaka nesa ba kusa ba. Ido ya tafi, baki yana nan garau. Ta ji ƙarar sarƙa ta ce, "Wannan Amale ne, amma mahayin ba shi da nauyi. Wane ɓarawon ne?" Na ce mijinki ne sabo. Kai, bakin nan nawa, da ya bar gida sai ya manta an ce ya huta.

Ta tambayi ƙaninta, na faɗa mata gaskiya. Ba ya ci. Ba ya kallon kowa. Ta sa aka jiƙa geron da na kawo. Ina zaune na ji turmi. Na san sautin. Jikarta ta kawo min a kwano, fara sol, an sa sukari da kayan ƙamshi, an mulmula.

Na ture kwanon. Ta ji ƙarar turewar.

"Kai ba kai ne mayen gumba ba? Manu ya ce tun kana goye kake jiran tasa."

Ban san yadda aka yi ba, na gaya mata duka. Da iskar taya, da abin da na ce ba zan sake rubutawa ba, da maganar Baba. Na yi kuka a gaban jikokinta mata, abin kunya, su kuma suka tsaya kallo kamar ana rabon alewa.

Ta bari na gama. Ta ce, "Ubanka Sulaimanu ɗa ne. Ɗa tsoro ne aikinsa, ba laifinsa ba ne. Kai kuma jika ne, ka bar naka aikin ka kama na ubanka." Ta nuna wajen yaran da sandarta. "Ka ga waɗannan 'yan banzan? Kullum da safe sai sun leƙo sun ce, Iya, har yanzu? Ni kuma in ce har yanzu, sai dai ku mutu da yunwa. Ranar da suka shigo suka ce min sannu Iya, ya jiki, ranar zan san an gama da ni, in juya bango in jira masu wanka."

Wata ƙarama ta ce, "Iya, to yaushe ne?" Ta kai mata sanda.

Gumbar dai ban ci ba. Ta sa aka rufe kwanon aka ɗaure da ƙyalle.

Asabar, asuba

Baba ya kira. Ya ce in taho yau, kada in tsaya ko'ina. Kaka ko ruwa sai an matsa masa. Ya ce an aika wa Liman.

Asabar, magariba, gida

Ta kwalta na dawo, Kaka ya yafe min. Ban ga tudu ba ban ga kwari ba.

Na tarar da ɗakin yadda na zata. Baba a bakin gado, Liman da carbi, Iya Mero a lungu ta rufe kai. Kaka da bangonsa. Na shiga da ƙurata, kwano a hannu. Baba ya yi min alama in durƙusa in yi sannu.

Na durƙusa. Na ce, "Kaka, na kai geron. Malam Rabi'u ya ba ni saƙo." Na matso kusa da gadon. "Ya ce in tambayi bawansa wa ya ba shi izinin kwanciya. Ya ce geron bana duk ƙaiƙayi ne."

Baba ya ce, "Ikrima."

Amma na ga kunnen tsohon ya motsa. Wallahi na gani. Kafaɗar hagu ta ɗan ɗaga, irin ta mai shirin ramawa.

Na kwance ƙyallen na buɗe kwanon na ajiye a kan gado, daidai bayan kansa inda ƙamshin zai same shi. Na ce, "Ni dai na gaji da jira. Mutum ya yi alkawari tun ina goye, ga gero ya zo, ga shi ya kwanta, ya ƙi mutuwa ya ƙi tashi. To na sa an daka. Zan sha abata yanzu a gabanka. Amale na riga na hau, ya ce na fi ka iya tuƙi. Amarya kuma ga ta can, ta ce dama haƙuri take da kai."

Baba ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, na tabbata mari ne, na ma rufe ido ɗaya. Liman ya riƙo bakin rigarsa.

Gadon ya yi ƙara. Kaka ya juyo. A hankali, da hagu, da kyar, amma ya juyo. Ya dube ni, kuma ni ya duba, ba baƙo ba. Na gutsuri gumbar na kai baki ina kallonsa. Hannun hagun nan ya cafke min wuyan hannu, ashe duk ƙarfin da ya bar dama can ya koma.

Bakinsa ya yi ta kokawa. Miyau ya zubo.

"Ma... kwa..."

Sauran ya ƙi fita. Ya sake gwadawa, ya ƙi. Iya Mero daga lungu ta ce, "Ɗaici. Ƙarasa masa na yi, Malam, ka huta." Tana dariya tana share ido da bakin mayafi.

Ta dama masa ita da nono, ruwa-ruwa yadda zai iya haɗiya. Ya sha a hannuna. In na yi kamar zan kai ludayin bakina sai ya yi gurnani. Bai shanye ba, amma abin da ya rage ya sa hannu ya rufe kwanon, ya tura shi bayan matashinsa.

Ko ƙwaya ban gani ba.

Baba ya fita waje. Na same shi tsaye wajen Amale yana latsa tayar baya da yatsa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Gobe ka je ka dawo da zakaran nan."

Litinin, da hantsi

Ya ci tuwo kaɗan. Manu mai nama ya zo, na tare shi a zaure na ce in sannu ya kawo ya koma da abarsa. Ya shiga ya ce wa Kaka dama tsokar da yake sayar masa ta jaki ce. An jefe shi da carbi.

Hannun dama har yanzu bai dawo daga aiken ba. Likita bai yi mana alkawari ba, ni ma ban yi wa kaina ba. Na zana masa hanyar a ƙasan ɗaki, na sa Hawan Tuba bayan Fagam da gangan. Ya buga gado har sai da na gyara.

Laraba, bayan azahar

Da hantsi na zauna bakin gadonsa, na ba shi baya ina matsa masa ƙafar kamar yadda aka koya mana, ina ba shi labarin birin da ya yi kama da shi. Daga nan na wuce masallaci.

A sahu na ji yara na ƙyaƙyatawa a bayana. Liman ya dube ni ya kau da kai. Na kai hannu baya. Ƙyallen kwanon Iya A'i ne, an soka shi da ƙaya, a karkace, da kyar ya kama rigar. Aikin hannun hagu.

Da ita na yi sallah. Da ita na dawo.